Hitar Motar Dizal 'Yar Kwatano Ta Daina Ba Da Zafi: Yadda Za Ka Bi Matsalar Daki-Daki

Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, tambaya ɗaya ce ke yawan zuwa daga masu motocin dizal 'yan Kwatano: "Na murɗa hita har ƙarshe amma iska mai sanyi take hurowa, me ya lalace?" Yawancin masu tambayar 'yan sammako ne, masu tashi daga Jos ko Zariya bayan sallar asuba, da masu hawa tsaunin Mambila. Akwai kuma waɗanda sai da damina suke tuna suna da hita, lokacin da gilashin gaba ya yi gumi ta ciki ana tsaka da ruwa, direba na riƙe da sitiyari da hannu ɗaya yana goge gilashi da hularsa.

Ka riƙe abu ɗaya kafin ka ɗauki sifana: a yawancin motoci hita ba ta da wutar kanta. Ruwan da ke sanyaya inji ne ke bi ta wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a bayan dashbod, fanka ta hura iska ta cikinsa zuwa cikin mota. Don haka idan hita ta mutu, sau da yawa inji ne ke gaya maka ruwansa ba ya tafiya daidai. Injin dizal kuma dama can ba ya saurin ɗaukar zafi kamar na fetur, musamman in an bar shi a silo, shi ya sa 'yar ƙaramar matsala take saurin bayyana a hitarsa. Bi matakan nan a jere, daga wanda ba ya cin ko kobo zuwa mai cin kuɗi. Duk bakaniken da ya ce a fara da kwance dashbod, ka ce masa ya dakata tukuna.

Kayan da za ka tanada: filaya, sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana lamba 8, 10, 12 da 13, tocila, mazurari, baho, tiyon ruwa kamar mita biyu, tsumma mai kauri, mitar gwada wuta, kulant (ruwan sanyaya inji na kanti), da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir. Ka fayyace wa mai shago cewa tataccen ruwa kake so, domin in ka ce "ruwan batir" kawai wani asid zai miƙo maka.

1. Fara da tantance alamar

Tuƙa motar minti goma sha biyar a kan titi, ba a tsaye a ƙofar gida ba, sannan ka kunna hita ka lura. Idan iska ba ta fitowa ko kaɗan, ko tana fitowa a lambar ƙarshe kawai, matsalar wuta ce, ka tsallaka zuwa mataki na 8. Idan iska na fitowa da ƙarfi amma da sanyi ko ɗumi-ɗumi, ka bi daga mataki na 2. Idan zafi na zuwa in ka taka totur ya ɗauke in ka tsaya, ko kana jin ƙarar ruwa yana ƙul-ƙul a bayan dashbod, ruwa ya yi ƙasa ko iska ta shiga. Idan kuma kana jin wani wari mai zaƙi-zaƙi, gilashi na yin maiƙo ta ciki, ko kafet ɗin ƙarƙashin ƙafa a jiƙe yake, ƙaramin lagireton ne ke yoyo.

2. Duba ruwa, inji a sanyi

Da safe, kafin ka tayar da mota, duba robar ajiyar ruwa. Ya kamata ruwan ya tsaya tsakanin layin ƙasa da na sama. A motocin da lagiretonsu ke da murfi, irin tsofaffin Hilux da Hiace, buɗe murfin shi ma ka leƙa, domin roba na iya zama cike alhali lagireto ya yi ƙasa. Ƙaramin lagireton hita yana daga cikin wurare mafi tudu a hanyar ruwa, shi ne farkon wanda ke bushewa in ruwa ya ragu, tun kafin allurar zafi ta nuna komai.

Gargaɗi: kada ka buɗe murfin nan inji na da zafi. Ruwan a matse yake, yana iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, da ka sassauta murfi zai yi tsiri ya ƙona fuska da hannu.

Dubi launin ruwan. Ja, ruwan hoda, kore ko shuɗi mai haske, lafiya lau. Mai launin tsatsa kamar ruwan kududdufi yana nufin an daɗe ana zuba ruwan rijiya ko na leda, kuma da wuya hita ta tsira daga toshewa. Idan ka ga baƙin mai na yawo a kai, wannan ya wuce maganar hita, sai a duba na'urar sanyaya baƙin mai da gasket ɗin tof silinda. Duba robar murfin kuma. In ta tsage ko ta bushe, sayi sabon murfi mai lamba irin ta tsohon, a motocin Toyota za ka ga 0.9 ko 1.1 a rubuce a kai. Wannan shi ne gyara mafi arha a duk jerin nan.

3. Nemo tiyo biyu, ka ga ko an kewaye hitar

Tsaya a gaban mota ka haska bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota. Za ka ga tiyo biyu masu kaurin babban yatsa sun shige ciki kusa da juna. Ɗaya na kai ruwa, ɗaya na dawo da shi. A motoci da yawa da suka daɗe a hannu a nan, abin da za ka tarar shi ne bakin bututu biyu a buɗe babu tiyo, an haɗa tiyon biyu da guntun fayif, ko an cusa musu kusa mai kauri an ɗaure da waya. Wani lokaci yoyo ya sa aka yi haka, wani lokaci kuma mai gyaran esi ne ya ce hita na rage sanyi.

Kada ka yi saurin mayar da tiyon. Fara cika ƙaramin lagireton da ruwa ta baki ɗaya, toshe ɗayan, ka ɗan matsa masa iska da famfon keke, a hankali, ba da ƙarfi ba. Sa wani ya ɗaga kafet ya haska ƙarƙashin dashbod. In babu ɗigo, ka wanke shi kamar yadda ke mataki na 6, ka sa sababbin tiyo da kilif. In yana ɗiga, ka san dalilin da ya sa aka kewaye shi.

4. Allurar zafi da tamostat

A nan matsalar mafi yawan motocinmu take. Mota na isowa daga Kwatano ko Legas, abu na farko da wasu ke yi mata shi ne cire tamostat, a haɗa fankar lagireto kai-tsaye ta riƙa juyawa daga kunna makulli. Hujjarsu ita ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne, a nan ba ya amfani." Maganar ba ta da tushe. Land Cruiser da ake sayarwa sabuwa a Saudiyya da tamostat ɗinta take zuwa. Aikinsa ya tsare ruwa a cikin inji har ya kai zafin aiki, sannan ya buɗe masa hanya zuwa lagireto. Yawancinsu suna fara buɗewa tsakanin digiri 76 da 90, kuma lambar a buge take a jikinsu. Na injin 1.9 TDI na Volkswagen, alal misali, 87 ne.

Ga gwajin da ba ya buƙatar kwance komai. Tayar da inji daga sanyi, esi a kashe, ka riƙa taɓa jikin lagireto da manyan tiyonsa biyu, kana kiyaye hannunka da hannun riga daga fanka da bel. In tamostat na aiki, lagireto zai zauna a sanyi na tsawon lokaci, sai allura ta kusa tsakiya sannan zafi ya shigo shi gaba ɗaya. In ka ji duka tiyon suna ɗumama a hankali tun daga mintunan farko, ko dai babu tamostat, ko ya maƙale a buɗe. Wata shaidar ita ce allura ta ɗan hau a cikin gari, da ka hau babban titi ko ka kama gangara sai ta zube ƙasa.

Kada ka dogara da allura ita kaɗai. A motocin Volkswagen na baya-bayan nan an tsara ta ta tsaya cak a kan 90 ko da ainihin zafin ya ɗan yi ƙasa ko sama. In akwai mai na'urar duba mota da kwamfuta kusa, ya jona ya karanta maka ainihin zafin ruwa bayan ka yi tafiya. Dizal ɗin da ke yawo a digiri 60 ba zai taɓa ba ka hita mai kyau ba. Bayan haka yana shan mai fiye da ƙima, yana tara baƙin hayaƙi a ciki, baƙin mansa na saurin lalacewa, kuma motocin da ke da matatar hayaƙi a salansa ba za su iya ƙone abin da ta tara ba. A wasu injunan ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji idan ya buɗe. In babu shi, ruwa sai ya riƙa zagaye ta gajeriyar hanyar yana barin lagireto, motar ta ɗauki zafin da aka ce ana gudu.

Wajen canzawa, sauke ruwa a baho, kwance kusoshi biyu ko uku na gidansa, ka lura da yadda tsohon ya zauna kafin ka zare shi. Ɓangaren da ke da sifirin yana fuskantar inji. In yana da wani ɗan rami mai ɗan ƙarfe na lilo a gefe, ramin ya kalli sama, ta nan iska ke fita. Kafin ka sa sabon, jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta: ya fara buɗewa kafin ruwa ya tafasa, ya rufe ruf in ya huce. Goge mazauninsa tas, sa sabuwar roba ko gasket, kada a cika gam, domin abin da ya tsiyaye ciki a hita yake ƙarewa. In gidan na roba ne, ɗaure kusoshin a hankali, saurin tsagewa yake yi.

Kuɗi: tamostat ba shi da tsada in ka kwatanta da man da rashinsa ke ci maka. Amma wannan ba kayan da ake saye na hannu ba ne. Ko a Ƙofar Ruwa kake, ko Panteka, ko Apo, nemi sabo a kwalinsa, ka je da lambar injinka. Sannan ka sa mai wayarin ya mayar da fanka kan suwicinta na asali. In motar ta soma ɗaukar zafi bayan an mayar da tamostat, ba shi ne mai laifi ba, ya dai tona ciwon da aka ɓoye: lagireto ya toshe, ko fanka ba ta da ƙarfi, ko famfon ruwa ya gaji.

5. Gwajin tiyo biyu, da fitar da iska

Yanzu inji ya kai zafinsa. Murɗa hita zuwa ƙarshen ja, fanka a lamba ɗaya, ka taɓa tiyon nan biyu na bango da tsumma a hannu. Duka biyun da zafi sosai amma cikin mota sanyi: ruwa na zagayawa, laifin na ƙofar iska ne, ka je mataki na 7. Ɗaya da zafi, ɗaya da sanyi ko ɗumi kaɗan: ƙaramin lagireton ya toshe, ko iska ta tare shi, ko bawul bai buɗe ba. Duka biyun ɗumi-ɗumi: ko inji bai yi zafi ba, ko famfo ba ya tura ruwa.

Fara da iska, domin kyauta ce. Bari inji ya huce. Ajiye motar a ɗan tudu, gabanta ya fi bayanta tsawo. Buɗe hita har ƙarshe, in bas ce mai hitar baya ita ma a buɗe ta. Zuba ruwa ta mazurari a hankali, kana matsa manyan tiyo da hannu. Motocin Peugeot irin 406 da 307 masu injin HDi suna da 'yan kusoshin fitar da iska, ɗaya a kan tiyon hita mai kama da murfin bawul ɗin taya, wani a gidan tamostat. Buɗe su har sai ruwa ya fito santal babu kumfa, sannan ka rufe. Da yake bakin zuba ruwansu bai da tudu sosai, ana yanke gindin robar ruwa a kifa ta a bakin, a naɗe da tef, a cika ta don ruwa ya samu nauyin da zai kori iska. Tayar da inji, riƙe shi tsakanin 1,500 da 2,000 a agogon inji har tamostat ya buɗe. Rufe murfi, yi ɗan zagaye, washegari da safe ka sake dubawa ka cike gurbin.

A Golf, Passat da Sharan akwai wani siririn tiyo da ke dawo da ruwa saman robar ajiya. Haska ka gani: in an ɗan taka totur ya kamata ruwa ya riƙa tsartuwa ta nan. In babu, ko tiyon ya toshe, ko farfelar famfon ruwa, wadda a wasunsu ta roba ce, ta saki daga sandarta tana juyin banza.

6. Wanke ƙaramin lagireto

In iska ta fita amma har yanzu tiyo ɗaya a sanyi yake, sai wanki. Inji a sanyi, rufe altaneta da duk wata soket ta wuta da leda. Sassauta kilif, murza tiyo hagu da dama kafin ka ja. Bakunan da ke fitowa daga bango na roba ne ko siririn alminiyam, kuma bayan shekara ashirin sun yi rauni. In ka karya ɗaya, aikin rabin awa ya koma kwance dashbod. Tiyon da ya ƙi fita, gara ka tsaga shi da reza ka sayi sabo.

Jona tiyon ruwanka a bakin da ruwa ke fita, wato wanda ya fi sanyi ɗazu, don ka tura dattin ya koma ta inda ya shigo. Ɗaya bakin ka sa masa guntun tiyo zuwa baho. Ruwan famfon gida ko na tankin sama ya isa. Za ka ga abin da ke fitowa: da farko jan ruwa mai kauri, sai ɓarɓashin tsatsa, wani lokaci har da guntayen gam. Juya ka tura ta ɗaya bakin, ka sake juyawa, har ruwa ya fito garau da ƙarfi. In ya ƙi, zuba maganin wanke lagireto na kanti, ka bar shi iya lokacin da aka rubuta a jikin robar, ka ɗauraye sosai.

Gargaɗi: kada a sa injin wankin mota mai ƙarfi, zai fasa shi. Kada a zuba sodar yin sabulu ko asid, suna cinye alminiyam. Kuma daga yau a daina zuba ɗanyen ƙwai, garin barkono ko hodar toshe yoyo a lagireto. Hanyoyin hita sun fi na babban lagireto ƙanƙanta, su ne farkon toshewa. Masu Golf 7 da ire-irenta su duba robar ajiyar ruwa: in an rubuta "mit Silikat" a jiki, akwai wata 'yar jaka a ciki da kan fashe, ƙwayoyinta su tafi su cushe hita. In ta fashe, sai an canza robar, in ba haka ba wankin banza aka yi.

Tsohon kulant guba ne, ga shi da zaƙi. Kada ka bar bahon inda yara, awaki ko kaji za su kai baki, kada kuma ka zubar kusa da rijiya.

7. Bawul da ƙofar iska

Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da bawul a kan tiyon hita wanda waya ke ja daga dashbod. Sa yaro ya riƙa motsa maɓallin kana kallon hannun bawul ɗin. Sau da yawa wayar ce ta zame daga maƙalinta, ko bawul ya daskare don an shekara ba a taɓa shi ba. Ɗan mai da motsawa a hankali kan sake shi.

Marsandi W124 bawul ɗinta na lantarki ne, kuma in babu wuta a buɗe yake zama. Zare soket ɗinsa: in zafi ya zo, laifin na maɓallin ciki ne ko wayoyinsa, in bai zo ba, bawul ɗin ne ko ƙaramin famfon lantarkin da ke kusa da shi. Wasu ƙofofin iskar waɗannan motoci da zuƙar iska suke aiki, ta wasu siraran tiyo, kuma da ita ake kashe injin. In motarka na jinkirin mutuwa bayan ka zare makulli, ƙofofin iska kuma ba sa sauyawa, nemi tiyon da ya tsage.

A sababbin motoci ƙaramin moto ne ke juya ƙofar da ke gauraya iska mai zafi da mai sanyi. Kashe rediyo, murɗa daga shuɗi zuwa ja ka kasa kunne. Ƙas-ƙas-ƙas na nufin haƙoransa sun cinye. Yawanci ana kai wa gare shi ta bayan akwatin gaban fasinja ko ta wajen ƙafa, kuma na Beljiyam yana yi in an gwada shi a gabanka.

8. In fanka ce

Tana aiki a lambar ƙarshe kawai: rezista, wadda ke rage gudun fanka, ce ta ƙone, tana maƙale kusa da fankar, kusa biyu ke riƙe da ita. Ba ta aiki sam: fis, sannan rila, sannan soket, wanda kan narke. In ka ɗan bugi jikin moton ta tashi, burushinta ya ƙare. Kada a maye gurbin fis da waya ko takardar sigari, haka motoci ke kamawa da wuta. Tana ƙara amma iska kaɗan: ciro matatar iskar cikin mota, ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta toshe ta. Toshewar nan kuma ita ke ƙona rezista, don haka a canza su tare.

9. Yoyo da gasket, masu cin kuɗi

In ƙaramin lagireton na yoyo, sabo ne magani. Shi kansa bai kai kuɗin aikin ba. A Golf 4 sai an sauke dashbod gaba ɗaya, aikin yini ne cur, kuma in ya zama dole a kwance bututun esi sai ka ƙara da kuɗin gas. A Golf 5 kuwa ta wajen ƙafa ake zaro shi. Tambayi wannan tun kafin ku yi ciniki. Kada ka sa na hannu a wurin da sai an yini kafin a kai gare shi. A cire kan batir kafin a taɓa dashbod saboda jakar iska, kuma ka tsaya a gwada kowace fitila da maɓalli kafin ka biya. In babu kuɗi yanzu, kewaye shi da fayif mai kyau da kilif ya halatta na ɗan lokaci.

In kuma kullum kana fitar da iska tana dawowa, ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, yi wannan: tayar da inji daga sanyi, ka matsa tiyon sama bayan minti ɗaya ko biyu. In ya yi tauri tun ruwa bai yi ɗumi ba, ko kumfa na tasowa a roba ba ƙaƙƙautawa, hayaƙin inji na shiga ruwa. Kafin a kwance tof silinda, a tabbatar da ruwan gwaji mai launin shuɗi wanda ke sauya launi in ya haɗu da hayaƙi. A duba na'urar sanyaya hayaƙin EGR ma, wato hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, ita ma tana shan ruwa ta ba da farin hayaƙi, kuma ta fi gasket sauƙin gyara nesa ba kusa ba.

Masu Sharan da Galaxy na dizal, akwai wata ƙaramar hita mai ƙona dizal a ƙarƙashin motarku, mai 'yar salansarta, wadda ke tashi da kanta in gari ya yi sanyi sosai. In ka ga hayaƙi daga ƙasan mota da asuba a Jos, ita ce. A yanayinmu ba dole ba ce, mai wayarin zai iya cire mata wuta, amma kada a toshe tiyon ruwan da ke ratsa ta. Kuma kowace irin mota ce, kada a kwana a ciki inji na aiki gilasai a rufe, hayaƙi na kisa ba tare da mutum ya farka ba.

10. Hita-fulogi, in tashin safe ne matsalar

Waɗannan ba ruwansu da ɗumin cikin mota, ɗakin ƙonewa suke gasawa don inji ya tashi. Alamar mutuwarsu: kik mai tsawo da safe, farin hayaƙi mai warin ɗanyen dizal, inji na kakkarwa na ɗan lokaci sannan ya daidaita. Fara da batir, lafiyayye da ya kwana yana nuna wajen bolt 12.6 a mita. Sannan ka cire wayar kan kowane fulogi ka auna tsakanin kansa da jikin inji. Mai kyau na nuna kusan om 1, wanda bai nuna komai ba ya mutu. In duka lafiya, duba babban fis da rilarsu. Kada a gwada fulogin sabuwar mota a kan batir kai-tsaye, wasunsu na ƙaramar wuta ne, nan take za su ƙone.

Wajen cirewa a yi haƙuri. Fesa man sassauta kusa tun daren jiya, a kwance inji na da ɗumi, da ƙaramin hannu. In ya yi gardama a dakata a ƙara mai. Fulogin da ya karye a ciki na iya jawo sauke tof silinda. A kuma daina fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska don mota ta tashi, yana iya fashewa a kan fulogi mai zafi ya lalata fistin. A Volkswagen, in fitilar nan mai kama da naɗaɗɗiyar waya na ƙiftawa kana cikin tafiya, ba fulogi take nufi ba, kwamfutar inji ce ta ga laifi, wani lokaci ma suwicin birki ne kawai.

11. Kulawa bayan gyara

Cika da kulant, ba ruwa zalla ba. Ko babu ƙanƙara a ƙasarmu, shi ke hana tsatsa, yana kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. In mai kauri ka saya, gauraya rabi da rabi da tataccen ruwa, in gaurayayye ne zuba shi haka. Golf na shan wajen lita 6, Land Cruiser kuwa lita 10 zuwa sama, sai ka lissafa jarkoki kafin ka je kasuwa. Bi irin da aka rubuta wa motar: G12 ko G13 ga yawancin Volkswagen, ja ko ruwan hoda na Toyota ga Toyota. Kada ka gauraya G11 da G12, suna iya yin laka. In ba ka san abin da ke ciki ba, sauke duka ka ɗauraye. Kulant na gama-gari a canza shi duk shekara biyu, ka rubuta watan da shekarar a jikin roba da alƙalamin maka.

Leƙa ruwa sau ɗaya a mako. Kunna hita minti goma duk wata, har a zafin Afrilu, don bawul da ƙofa kada su daskare. In famfon ruwa a kan taimin bel yake, a canza su rana ɗaya. Don gilashi ya washe da sauri, kunna esi da hita tare, ka juya iska zuwa gilashi, ka kashe maɓallin da ke zagaya iskar ciki. Hita mai aiki tana da wani amfanin: in allura ta fara hawa a kan tudu, kashe esi, buɗe hita da fanka har ƙarshe, sauke gilasai, za ta rage wa inji zafi har ka samu wurin tsayawa lafiya.

In kuma yanzu za ka sayi motar, ce wa dillali kana so ka same ta a sanyi. Ɗora hannu a kan inji kafin a kunna. In da ɗumi, an riga ka tayar da ita, ka ce za ka dawo gobe da sassafe. Ka ga tashinta da idonka, ka haska tiyon bango, ka sa hannu ƙarƙashin kafet ɗin gaba, sannan ku hau titi minti goma sha biyar ka murɗa hita kafin a fara maganar kuɗi.